Ƙofar da Aka Bar wa Tsohuwa

Duk ranar Juma'a, idan an sauko daga masallaci, Inna takan biyo ta shagonmu da ke Damba, a Gusau. Ba hanyarta ba ce, kowa ya sani. Za ta ce ta zo duba wata ƙawarta da ba ta da lafiya, alhali ƙawar nan ta warke tun bara har ta je Umara ta dawo. Takan ajiye min ƙullin gyaɗa a kan tebur, ta zauna a bakin benci tana gyara mayafi, ta tambaye ni aiki, ta tambaye ni zafi, ta yi ƙorafin kuɗin keke. Sai ta miƙe za ta tafi, ƙafa ɗaya a waje, sannan ta yi tambayar da ta kawo ta, wadda ba ta taɓa yi min a gida.

"Halima, Tsohuwa ta zo ɗibar hatsi?"

Tsohuwa ba mutum ba ce. Wata kwamfutar hannu ce mai kauri, baƙa, wadda aka ɗaure murfinta da salatif, kuma ta yayana Yahaya ce. Shi ya raɗa mata sunan. Yaya Yahaya ɗan fari ne a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku", in ta ji haushi ta ce "mutumin nan". Ba ta tambayar ko ya ci abinci, sai dai ta tambayi ko an wanke kwanon da aka kai ɗakin ƙofar gida. Haka aka rene ta, haka ta rene mu, kuma ban taɓa ganin abin a matsayin nauyi ba sai da ya tafi.

Shi da abokinsa Gambo suka buɗe shagon. Sun rubuta wata manhaja da suka kira Garke, don masu sayar da maganin dabbobi. Ka gaya mata girman saniya ko tunkiya, ta gaya maka yawan maganin da za a ba ta, ta tuna maka wanda ya kusa lalacewa a kanta, ta tuna maka garken da allurarsa ta zagayo. Shaguna suka karɓa a Gusau, a Tsafe, a Bungudu, har ƙauyuka. To amma manhaja kamar yaro ce, kullum tana bukatar wani abu: sabon magani ya fito, an gano wani kuskure, an gyara wani wuri. Ga sabis ɗinmu yadda yake, in ka ce kowane mai shago ya jawo kayan gyara daga can ƙasashen waje, sai rana ta faɗi bai gama ba. Sai Yaya ya ajiye wata babbar kwamfuta a lungun shago, ya haɗa mata sola da batir, ya riƙa tara duk abin da kwamfutocin shagunan ke bukata a cikinta, an ƙulle shi ƙunshi-ƙunshi, ƙanana, marasa cin data. Ya kira ta rumbu. Kowace kwamfuta ta san adireshin rumbun. In mai ita ya danna sabuntawa, sai ta zo ta ƙwanƙwasa, ta faɗi sunanta, ta ɗebi abin da ya sauya ta tafi.

Ni ya koya wa kula da rumbun, saboda a cewarsa Gambo yana da hanzari ni kuma ina da taurin kai, kuma rumbu taurin kai yake so. Ya ba ni hatimin da ake buga wa kowane ƙunshi don kwamfutoci su yarda daga gida ya fito.

Daga baya ya auri Zulai, 'yar wasu makiyaya da ke zaune kusa da Kekun Waje. Da zama ya gagara a wajen, danginta suka kaɗa shanunsu suka yi gaba, shi kuma ya bi su da jakar magani da Tsohuwa a goye. Ya ce garken nan shi ya yi musu allura tun suna 'yan maruƙa, ba zai bar su a hannun masu maganin kasuwa ba. Na ce masa mata yake bi ba shanu ba, ya yi dariya bai musa ba. Da zai tafi ya cire layinsa ya ajiye a kan teburina. Ya ce a inda za su, mai waya a aljihu kowane ɓangare zarginsa yake yi, gara a san ba shi da ita. Damina biyu ke nan.

Amma akwai wata 'yar taga a kwamfutata da ke nuna duk wanda ya ƙwanƙwasa rumbu. Ba ta nuna gari, suna kawai da lokaci. Lokaci-lokaci, wani sa'in bayan mako uku, wani sa'in sai wata ya wuce har zuciyata ta fara tsinkewa, sai in ga sunan ya fito a tsakanin na shaguna: tsohuwa. Na san ya shigo wata kasuwa ke nan, ya roƙi wani ya ara masa data, ya tsuguna a gindin wata bishiya. Na san shi ne, don Tsohuwa ba ta sabunta kanta sai an danna, kuma shi kaɗai ne ke ɗaukar jerin magunguna ya bar hotuna, don kada ya cinye wa mai aron datarsa. Ranar da na fara nuna wa Inna, ta daɗe tana kallon kalmar da ba ta iya karantawa. Tun daga ranar ƙawarta ta kwanta ciwon da ba ya warkewa.

Matsalar ta taso ne da Gambo ya gama sabon zubin Garke. Ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Yana da sauri, ya san sababbin magunguna, yana aiki da 'yan injinan buga rasit da kowa ke saye yanzu. Sai dai an gina shi a kan sabon harsashi, wanda tsofaffin kwamfutoci irin Tsohuwa ba sa iya ɗauka, kuma a duk masu zuwa rumbunmu ita kaɗai ta rage a wannan zubin. Shi kuma rumbun nan, yadda Yaya ya tsara shi, ba ya riƙe abu iri biyu. In sabon ƙunshi ya shiga, tsohon ya fita. Ranar da na zuba sabon Garke, Tsohuwa za ta zo a ce mata babu nata. Ta sake zuwa a ce babu. Na san yayana, ba zai ci gaba da ƙona datar mutane a kan ƙofar da ba a buɗe masa ba. Zai rufe murfin ya ɗaure da salatif, mu kuma shi ke nan.

Sai na yi ta jan ƙafa. Yau in ce ina gwaji, gobe in ce batir ya yi sanyi. Gambo ya yi haƙuri iya haƙurinsa, har ranar da Malam Sule ya taso takanas daga Bungudu. Dattijo ne mai shagon magani a bakin kasuwa, ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi zafi. Ya ce wani sabon maganin tsutsa ya cika gari, Garke bai san shi ba, yaran shago suna auna shi da ka, har an ba wa tunkiyar wata bazawara fiye da kima ta kwana uku ba ta tashi ba. Ya ce bai zo faɗa ba, ya zo ya ji ko mun daina aikin ne ya nemi wani.

Bayan ya fita, Gambo ya juyo kujerarsa ya fuskance ni.

"Halima, ni hwa na san abin da kike yi. Shaguna nawa ke jiranmu saboda kwamfuta guda?"

"Ba kwamfuta guda ba ce, Yaya Gambo, kai ma ka sani."

"Na sani. Abokina na, tun muna cin ƙasa. Amma wa yac ce miki shi ke riƙe da ita har yanzu? Ƙila an saida ta. Ƙila an amshe."

Na ji maganar nan har cikin haƙorina. Na ce masa ɓarawo ba ya tausayin data, ɓarawo ba ya barin hotuna. Na ce in ya gaji da abota ya faɗa. Wannan ban kyauta masa ba, amma a lokacin ban damu ba. Ya murza hularsa, sannan ya ce kafin Juma'a ta sama a sabunta, ko da hannuna ko da nasa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yana da gaskiya. Tunkiyar bazawara ba ta san wani Yahaya ba.

Da yamma na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na zauna kusa da ita na yi mata bayani yadda zan iya, da hatsi da rumbu da ƙofa. Na ce za a zuba sabon hatsi, kuma Tsohuwa ba ta da haƙoran cinsa. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tura tsakuwa gefe da ɗan yatsa, har na zaci ba ta ji ba.

"Da babanku yag gina ɗakunan baya," in ji ta, "kowa ya kwashe kayanshi ya koma can. Ɗakin ƙohwar gida ba a rushe shi ba."

Ɗakin ƙofar gida na Yaya ne. Tun da ya tafi Inna ta zuba albasa a ciki, wai don ta fi shan iska a can, kuma kullum da safe sai ta shiga ta share, wai don albasa ba ta son ƙura. Katifarsa na nan a jingine, an lulluɓe ta da zane mai tsabta. Na zauna ina kallon ƙofar ɗakin, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Ba zan iya sauya adireshin da Tsohuwa ta sani ba, don ba ta hannuna. Amma sauran duk ina iya kaiwa gare su.

Washegari na gaya wa Gambo: zan buɗe sabon rumbu a sabon adireshi, in zuba masa sabon Garke, kowa ya koma can. Tsohon rumbu a bar shi yadda yake.

"Wato gari guda za ki tasa, ki bar mutum ɗaya cikin kango," in ji shi.

"E."

"Kin san rabin mutanen ga ba su danna komi sai an tsaya bisa kansu? Sai kin bi su shago-shago."

"Zan bi su."

Ya kalle ni, ya kalli lungun da rumbu yake, ya yi tsaki. Sannan ya ce shi zai yi cikin Gusau, ni in yi waje, tunda ni ce mai taurin kan.

Na zuba sabon Garke a sabon rumbu, na buga masa hatimi, na gwada a kwamfutar shago, ya tashi lafiya. Daga nan na shiga mota. Na yi Tsafe, inda kowane mai shago sai ya sa na sha ruwa na ci goro kafin ya bar ni in taɓa kwamfutarsa, aikin da bai fi a sauya layi ɗaya a danna sabuntawa ba. Na shiga 'Yankuzo a bayan babur, direban yana ta waige-waige, ni ina ta salati a zuci. A can na tarar da kwamfutar da aka lulluɓe da darduma tun ranar da aka kawo ta, don kada ta lalace. A Bungudu Malam Sule ya tsaya a kaina har sabon maganin tsutsa ya fito a allo da awonsa, ya gyaɗa kai ya ce Allah ya yi albarka, ya ƙara da cewa tunkiyar ta tashi.

Kekun Waje na bari ƙarshe, don ba na son zuwa. Bayan na gama da shagon da ke can, ƙafata ta ja ni bayan gari, wajen da rugar su Zulai take a da. Na taɓa zuwa sau ɗaya lokacin biki, aka cika ni da nono har na rasa inda zan sa kaina. Yanzu babu komai sai da'irar duwatsun murhu da turakun da aka bari a kafe, ciyawa ta fi ƙarfinsu. Ƙasar wajen ta fi ta ko'ina baƙi saboda takin shekaru, wani ma har ya shuka masara a gefe ta yi kyau. Na tsaya a wurin ina jin kewar yayana kamar yunwa. Na tuna yadda yake cin tuwo yana karatu har miya ta ɗiga a takarda, da yadda yake kirana "Injiniya" in zai sa ni aikin da ba ya so. Wata tsohuwa mai itace ta tsaya ta tambaye ni ko na yi ɓatan hanya. Na ce a'a, na zo duba wani wuri ne. Ta ce mutanen wurin sun daɗe da tashi, kamar ban sani ba.

Da na dawo Gusau, tagar sabon rumbu ta cika da sunaye, sai shiga ake ana fita kamar ranar kasuwa. Tagar tsohon kuwa fayau. Na bar ta a buɗe a gefen allo, ina aiki ina satar kallonta.

Sai wani tunani ya hana ni sukuni. In Tsohuwa ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe amma babu sabon abu, yau babu, gobe babu, ai duk ɗaya ne da a rufe. Dole rumbun ya ci gaba da rai. Na zauna na kwashe awon sababbin magungunan nan ɗaya bayan ɗaya, na mayar da su yadda tsohon Garke zai gane, na ƙulla ƙunshi na musamman. Gambo ya gan ni, da zai fita ya nuna min wani wuri da na yi kuskuren awon raƙumi. Ina cikin haɗawa na iso wurin da ake rubuta bayanin abin da ya sauya, wanda ke fitowa a allo da zarar an gama sabuntawa. A da nakan rubuta "an ƙara magani kaza, an gyara kaza". Na tsaya da hannuna a kan madannai. Yanzu duk duniya mutum ɗaya ne zai karanta wannan wurin.

Da Juma'a ta zo, Inna ta ajiye gyaɗarta, ta yi ƙorafin keke, ta miƙe. Kafin ta yi tambayar na riga ta.

"Ba ta zo ba tukun, Inna. Amma zauna. In ta zo, akwai inda zan rubuta magana ta tafi da ita. Me za a ce masa?"

Ta ɗaure fuska nan take. "A ce ma wa? Ni ina da magana da wani na?"

"To, me za a ce wa Tsohuwa?"

Ta koma ta zauna a hankali. Ta daɗe tana kallon titi, inda wani mai rake ke faɗa da mai keke. Na gaya mata kada a sa suna ko gari, don ba mu san wanda zai leƙa allon ba. Ta ce ita da ma ba ta da sunan da za ta sa.

"Ki hwaɗa ma tsohuwag ga an yi ruwa bana, gero ya yi. Ki ce ɗinyar bayan gida ta yi 'ya'ya, yara na ta ɓarna da ita babu mai hana su. Ki ce in ta san wani mai ciwon ƙahwa, wanda yat taɓa karyewa yana yaro, to sanyi na tahe, ya bar shiga rahi da asuba."

Ina bugawa, ban yarda na dube ta ba.

"Shi ke nan?"

"Ki ce ɗakin ƙohwar gida albasa ce kawai a ciki. Albasa ba ta da wuyar kwashewa."

Ta tashi ta fita ba sallama. Na rubuta yadda ta faɗa, ban gyara ko kalma ba, na buga hatimi, na zuba ƙunshin a tsohon rumbu.

Daga nan sai jira. Aka yanke gero, aka shiga dawa. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Inna ta daina kawo zancen ƙawarta, ta daina ƙorafin keke. Takan tsaya a bakin ƙofa kawai ta dube ni, in girgiza kai, ta juya. Na fara jin maganar Gambo tana dawo min, ƙila an sayar, ƙila an amshe. Wani lokaci in ji haushin Yaya ya kama ni, mutum ya bar uwarsa tana zarya saboda shanun surukai. Kafin in gama jin haushin sai in tarar ina roƙon Allah ya sa dai yana numfashi, ko bai dawo ba.

Wata Talata bayan azahar, ina cin ɗanwake a kan teburina, Gambo yana waya da wani mai shago a Tsafe, sai layi ɗaya ya fito a tagar da ta daɗe fayau. Tsohuwa. Na ajiye cokali. Ta nemi jerin abin da ya sauya, ta ɗauki ƙunshin, ta bar hotuna. Na kira Gambo da hannu, ya katse wayar ba tare da ya yi sallama ba, ya zo ya tsaya a bayana. Aka gama ɗauka. Tagar ta yi shiru. Na san yanzu rubutun yana gabansa, a wata kasuwa da ban san sunanta ba.

Rumbu ba a yi shi don a ba shi amsa ba, bayarwa kawai ya iya. Har na fara share hannu zan koma ga abincina, sai ga wani layi ja, irin wanda ke fitowa in kwamfuta ta nemi ƙunshin da babu shi. Gambo ya ce wani abu ya lalace. Na matsa kusa na karanta sunan ƙunshin da ake nema. Babu wani ƙunshi mai wannan suna, kuma ba a taɓa yi ba. Yaya ne yake buga magana a wurin suna, don ya san duk abin da aka nema aka rasa sai ya fito a tagata.

na-ji

Sai wani ya biyo baya, sai wani, a hankali, kamar mai bugawa da yatsa ɗaya.

kafa-da-sauki

zulai-ta-sauka-mace

sunan-inna-aka-sa-ummi-muke-kira

Gambo ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ni kuwa dariya nake ko kuka, ban sani ba, ɗanwake dai ya sha hawaye. Aka ɗan jima babu komai, har na zaci ya tafi. Sannan na ƙarshe ya fito.

a-bar-albasa-tukuna

Ban jira Juma'a ba. Na tari keke na tafi gida da mayafina a karkace. Na tarar da Inna tana tankaɗe a ƙofar madafa. Na durƙusa na faɗa mata a jere yadda suka zo: an ji, ƙafa da sauƙi, Zulai ta sauka lafiya, mace, kuma sunanta aka sa, Ummi suke kiranta. Rariyar ta tsaya a hannunta. Ta ce, "Takwara gare ni ke nan," ta yi wata 'yar dariya da na daɗe ban ji ba, ta ce Allah ya sa kada yarinyar ta ɗauko hancin mutanen gidan nan. Sai ta ci gaba da tankaɗe, ta tambaya ba tare da ta dube ni ba.

"Albasa hwa?"

"An ce a bar ta tukuna, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta tankaɗe garin nan har ya ƙare, ta sake juye shi a rariya ta tankaɗe wanda ta riga ta tankaɗe. Da safe na ji tsintsiyarta a ɗakin ƙofar gida kamar kullum.

Ranar Juma'a ta biyo ta shago. Ta ajiye gyaɗa, ta gaisa da Gambo, ta tambaye ni zafi. Ta miƙe, ta sa ƙafa ɗaya a waje, ta juyo. Ina shirin girgiza kai, don kwana uku kawai aka yi, ba yadda za a yi Tsohuwa ta dawo da wuri haka.

"Halima," in ji ta, "Baban Ummi ya zo?"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kira shi da wani abu da yake nasa ba. Gambo ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai ɓata ba a cikin aljihun tebur.

"Bai zo ba, Inna."

"To." Ta gyara mayafinta, amma ba ta tafi ba. "In kin tashi zuba wani hatsin ki hwaɗa min, ina da magana da Baban Ummi." Ta sauka daga dakalin, ta kai bakin titi, sannan na ji ta sake faɗa a hankali, ba da kowa take ba, "Baban Ummi."